Bayan a-kori-kurata ya zauna: ƙarin falle, jakar iska ko sabon sifirin?

Baban_Safiyya:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu pikof ku zo ku ba ni shawara. Ina da a-kori-kura mai ƙofa huɗu, dizal, ƙirar 2012, shekara biyar kenan tana hannuna kuma tsakani da Allah ban da abin cewa a kan inji da giya, mai da filta kawai nake canzawa. Bayanta ne ya dame ni. Aikin sola nake yi, to akwai rumfar ƙarfe da na sa aka ƙera mata, ga akwatin kayan aiki, ga tsani, ga ƙaramin janareto, waɗannan kullum suna ciki ba a sauke su. Da can in ka tsaya a gefe za ka ga baya ya fi gaba tsayi, yanzu kuwa sun yi daidai, in na ɗora batura ma sai hancinta ya kalli sama, da dare duk motar da ke tahowa sai ta yi ta haska ni don a zatonsu babbar fitila na kunna. Kuma in na faɗa rami sai in ji gum daga ƙasa kamar an doka guduma. Makanikena ya ce a ƙara falle ɗaya a sifirin, wani abokina ya ce jakar iska, wato robar da ake hura wa iska a sa tsakanin aksul da shasi ta taya sifirin ɗaukar kaya, wani kuma ya ce ai shakazoba ce kawai. Wanda ya taɓa yi ya faɗa min abin da ya gani, ba na so in kashe kuɗi sau biyu.

Sarkin_Gudu:
Wa'alaikumus salam. Shakazoba ce malam, canza su kawai ka huta. Ka nemi masu gas.

Injiniya_MK:
@Sarkin_Gudu a'a ɗan'uwa, a nan ka kauce. Shakazoba ba ta ɗaukar nauyi, aikinta ta hana mota yin ta lilo bayan ta taka rami. Sifirin ne ke riƙe da mota a tsaye. Ka kwance shakazoba biyun baya ka ajiye a ƙasa, motar kusan a tsayinta za ta tsaya. In baya ya zauna to sifirin ne ya gaji ko kuma lodin ya fi ƙarfinsa. Wannan gum ɗin da yake ji kuwa aksul ne ke dukan robar da ke manne a ƙarƙashin shasi saboda ratar da ke tsakaninsu ta ƙare.

Sarkin_Gudu:
To ni dai da na canza nawa motar ta ɗan ɗaga

Injiniya_MK:
Mai gas takan tura kaɗan, amma kaɗan ɗin nan ba zai riƙe janareto da batura ba.

Kwalta_Kawai:
Wace mota ce tukuna? Ka zo neman magani ka ɓoye sunan mara lafiya hhh

Baban_Safiyya:
@Kwalta_Kawai da gangan na ƙi faɗa, na san halin gidan nan, ina faɗar suna za a bar maganata a koma faɗan 'yan Toyota da 'yan Ford har gobe. Sifirin falle-falle ne a baya kamar yawancinsu, wannan ya isa.

Tsohon_Direba:
Yaro ka yi dabara. Ni na fi shekara talatin ina jan irin waɗannan motoci kuma abin da zan fara ce maka shi ne kar ka sayi komai sai ka shiga ƙarƙashinta da tocila. Ka duba fallayen ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa akwai wanda ya tsage a kusa da tsakiya inda aka ɗaure shi da aksul, ƙura da tsatsa sun rufe ba ka gani. Ka duba bushin na gaba da na baya, ka duba shakul ɗin ko ya kwanta. Na taɓa yin wata uku ina zagin sifirin ashe falle ɗaya ne ya karye a gefen hagu, motar tana tafiya a karkace ni kuma ina cewa hanya ce ba ta daidai ba. In sifirin yana nan lafiya yana da lanƙwasarsa kamar baka to wata magana ce, in kuma ka ga ya miƙe sambal ko ya fara lanƙwasa ta ɗaya ɓangaren, ya gama aiki.

Baban_Safiyya:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Gobe da safe zan leƙa in sha Allah.

Dan_Gargada:
Maganar Baba gaskiya ce, karyewar falle ba abin wasa ba ne. A 2014 a Amurka Toyota sai da ta nemi a dawo mata da pikof ɗinta Tacoma kusan 690,000 don gyara, ƙirar 2005 zuwa 2011, a kan wannan maganar, saboda in falle ya karye aka ci gaba da tafiya yana iya zamewa ya taɓa tankin mai. Kowace mota mai irin wannan sifirin ya kamata a riƙa leƙa ta.

Oga_Sifirin:
Sana'ata kenan don haka bari in sa baki. Hanya uku ce mutane ke zuwa da ita wurinmu. Akwai mai cewa a kwance a sake lanƙwasa tsohon, akwai mai cewa a ƙara falle, akwai mai sayen sabo gaba ɗaya. Sake lanƙwasawa ita ta fi sauƙin kuɗi kuma ranar da aka gama za ka ga mota ta miƙe kamar sabuwa, amma ƙarfen da ya gaji ya gaji, in lodin nan naka bai sauka ba bayan 'yan watanni za ta koma inda take. Abin da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne a sa wa falle wutar walda don ya yi laushi a lanƙwasa. Ƙarfen sifirin a masana'anta ake gasa shi a sanyaya shi bisa ƙa'ida, kana sa masa wuta ka kashe shi, ko dai ya saki ko ya karye daidai wurin da wutar ta ci. Duk wanda ka ga ya jawo tukunyar gas zai gasa maka sifirin, ɗauki motarka ka tafi.

Ƙarin falle yana aiki, ban ce ba ya yi ba, musamman in sauran suna da rai. Amma ka sani sabon falle ɗaya ne zai riƙa ɗaukar wahalar tsofaffin, kuma in gajere mai kauri aka sa maka to ranar da motar ba kaya bayanka ne zai faɗa maka. Dogon falle ya fi taushi.

Ummu_Amir:
Wallahi Oga ka faɗi gaskiya. Ni ma ina da irinta ina kai taki da kayan gona, direbana ya matsa sai an ƙara falle, har biyu aka ƙara kowane gefe. Da kaya lafiya lau, motar ba ta ko gezau. Amma ranar da na shiga kujerar baya ba kaya na gane kurena, kowane ɗan tudu sai kaina ya kusa taɓa rufi, yara ma suka ce ba za su ƙara shiga ba. Kuma abin da ya fi tsorata ni, a kan gargada in babu kaya bayan yana tsalle yana gocewa gefe, sai da aka cire ɗaya aka bar ɗaya sannan muka samu lafiya.

Kwalta_Kawai:
Hajiya ai kin mayar da ita tipa ne ba ki sani ba 😂

Ummu_Amir:
Bari kawai, na sha dariya a gida.

Baban_Safiyya:
Hajiya ni nawa lodin ba ya sauka, to wataƙila ba zan ji taurin kamar yadda kika ji ba ko?

Injiniya_MK:
Haka ne, kuma nan ne bambancinku. Hajiya yau cike gobe wayam, kai kuwa kullum akwai wani nauyi a kai. Shi ya sa masu ƙera sifirin na bayan kasuwa irin su Old Man Emu na kamfanin ARB, da Dobinsons, da Ironman, duk 'yan Ostireliya, suke raba nasu bisa nauyin da ke zama a motar dindindin, akwai na mai ɗaukar kaya jefi-jefi, akwai na mai kilo ɗari uku kullum, akwai na wanda ya fi haka. Kuskuren da ake yi shi ne mutum ya ce a ba ni mafi ƙarfi, alhali motar rabin rayuwarta ba kaya. Kai sai ka san kilo nawa ne ke kanta kullum kafin ka zaɓa, ba da ka ba, a kan sikeli.

Mai_Tirela:
Ni jakar iska na sa shekara uku kenan kuma ban yi nadama ba. Ina jan tirela wani lokaci, wani lokaci kuma ba komai. In zan ja sai in ƙara iska bayan ya ɗago, in na sauke in rage, shi kenan taushin motar na nan yadda yake. Abu ɗaya dai, ba a barinta ba iska gaba ɗaya, masu yin ta irin su Air Lift da Firestone suna cewa a bar aƙalla psi 5 (ma'aunin ƙarfin iska) a ciki don kar ta murƙushe ta tsage. Ga wanda lodinsa ke canzawa ban ga abin da ya kai ta ba.

Dan_Gargada:
@Mai_Tirela ni kuma nan ne zan saɓa maka. Ka je ka duba hotunan pikof masu ƙofa huɗu da shasinsu ya lanƙwashe a tsakanin kan mota da bodi, suna nan da yawa musamman daga Ostireliya inda suke loda su su shiga daji. Sifirin falle-falle a wuri biyu yake kama shasi, gaba da baya, nauyi ya rabu. Jakar iska kuwa a wuri ɗaya take tokare shasin, daidai saman aksul, in ka cika ta da iska ka tara kaya a can ƙarshen bodi ka daki rami da gudu, ai ka samar wa shasi wurin karyewa da hannunka.

Mai_Tirela:
Wannan laifin lodi ne da gudu ba laifin jaka ba. Akwai waɗanda suka lanƙwashe ba su taɓa ganin jakar iska ba.

Dan_Gargada:
Ban musa ba, amma jakar tana ɓoye maka laifin. Da mota ta zauna za ka ji tsoro ka rage kaya, yanzu kuwa ka ƙara iska ta miƙe sai ka ga ai lafiya lau, ka ƙara wani.

Mai_Tirela:
To wannan kuma halin mutum ne. Ni ban taɓa wuce psi 30 ba.

Injiniya_MK:
Ku biyun kowa na da gaskiyarsa, amma ga mai tambaya jakar iska a kan sifirin da ya riga ya mutu ba gyara ba ne, rufa-rufa ce. Jaka mataimakiya ce, ba a mayar da ita uwar ɗaukar kaya.

Tun da an zo maganar inda ake ajiye kaya bari in yi ɗan lissafi, don mutane suna raina shi. A mota mai ƙofa huɗu yawancin bodin yana bayan aksul ne ko daidai kansa, saboda kujerun baya sun cinye wurin. A ce tsakanin tayar gaba da ta baya mita 3.1 ne, wanda kusan haka yawancinsu suke, sai ka ɗora kilo 200 a kan ƙugiyar jan tirela da ke mita 1.2 a bayan aksul. Aksul ɗin baya ba 200 zai ji ba, wajen 277 zai ji, sauran 77 ɗin daga tayoyin gaba aka ɗebo su. Shi ya sa sitiyari ke yin sakayau kuma fitila ta kalli sama. @Baban_Safiyya janareton naka a ina yake zama?

Baban_Safiyya:
Kai Injiniya ka kama ni. A bakin ƙofar bodi yake don ya yi sauƙin saukewa, baturan ma nan yara ke jera su.

Tsohon_Direba:
To ka gani. Mu da aka koya mana lodi, mai nauyi ciki ake turawa ya jingina da kan mota, mara nauyi a baki. Wannan ko sisi ba za ka kashe ba.

Sarkin_Gudu:
Ni dai duk wannan wahalar ta masu sifirin falle ce, fasahar keken doki. Ku sayi mai koyil, wato sifirin mai naɗi, a baya ku huta, Ranger Raptor ko kallon rami ba ta yi

Kwalta_Kawai:
An fara. Baban_Safiyya ya ɓoye suna amma bai tsira ba

Dan_Gargada:
@Sarkin_Gudu Raptor da ta fito a 2018 da koyil da shakazobar Fox don gudu a daji aka yi ta, ba don lodi ba. Ka duba takardarta, kilo 2,500 aka yarda ta ja alhali Ranger ta yau da kullum 3,500 take ja, kayan da take ɗauka a bodi ma bai kai na 'yar'uwarta ba. Ka ɗora mata batura takwas ka ga yadda za ta durƙusa.

Navara_Boy:
Ba duk mai koyil ce ba ta iya kaya ba fa. Navara NP300 tun wajen 2015 take da koyil a baya a mai ƙofa huɗu, kuma ni tawa ina jin daɗinta ƙwarai, doguwar tafiya ba ka gajiya.

Injiniya_MK:
Gaskiya ne tana da taushi, amma a tuna na farkon an yi ta maganar suna zama in an loda su, daga baya Nissan ta sake musu koyil mai ƙarfi hawa biyu, taushi a farko tauri in nauyi ya danna. Abin da sifirin falle ke yi kenan tun asali da wannan ƙaton fallen na ƙasa da ba ya taɓa sauran sai an yi lodi. Tacoma ma a ƙirar 2024 ta koma koyil a yawancin nau'o'inta amma ta bar falle a wasu. Hilux da D-Max da L200 kuwa suna nan a kan falle. Kowanne da abin da aka yi shi dominsa.

Hilux_Har_Abada:
Tun 1968 ake yin Hilux, ba a canza abin da ke aiki. Na gama magana.

Admin:
Jama'a a dawo kan tambayar bawan Allah. Mai son faɗan kamfani ya buɗe nasa zauren.

Baban_Safiyya:
Na dawo. Na shiga ƙarƙashi kamar yadda Baba ya ce. Babu falle da ya karye alhamdulillah, amma sifirin ya miƙe kusan sambal, na hagu ya fi, kuma fallen ƙasa mai kaurin nan ya riga ya manne da sauran ko da ban ɗora batura ba. Bushin na baya sun cinye har ana ganin ƙarfe. Robar da aksul ke duka ta yi sulɓi, tsakaninta da aksul bai fi yatsa biyu ba. Shakazoba ta hagu ta jiƙe da mai. Na auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, hagu santimita 53 dama 55.

Sarkin_Gudu:
Ba na faɗa ba! Shakazoba!

Oga_Sifirin:
Hhh ka samu rabin maki. Shakazobar ta mutu amma ba ita ta zaunar da motar ba, zaman ne ma ya taimaka wajen kashe ta. @Baban_Safiyya yadda ka kwatanta ɗin nan ni ba zan ƙara falle a kai ba, asarar kuɗi ce. Tun da har kana tafiya a kan fallen lodi kullum to shi ya sa kake jin tauri da duka lokaci guda. Sabon sifirin gefe biyu, kar ka canza ɗaya ka bar ɗaya. Kuma don Allah a sa sababbin yu-bol, wato kusoshin nan masu kama da harafin U da ke ɗaure sifirin da aksul, tsofaffin sun riga sun miƙe zarensu ya gaji. Bayan ka yi 'yan kwanaki kana hawa ka koma a sake ɗaure su domin sabon sifirin yana zama, in suka yi sako-sako kusar tsakiya ce ke tsinkewa aksul ya goce. Bushin na roba kuma ba a ɗaure su tam sai an sauke mota daga jak ta tsaya da ƙafarta, in aka ɗaure tana rataye robar a murɗe za ta zauna ba za ta daɗe ba.

Mai_Tirela:
A wannan yanayin ni ma na yarda, sifirin tukuna. Jakar in ya so daga baya saboda ranar batura.

Shiru_Kake_Ji:
Ina bin ku tun farko ban ce komai ba. Tambaya ɗaya: sabon sifirin mai ƙarfi yana ƙara yawan kayan da motar za ta iya ɗauka ne? Don ni abin da nake nema kenan, ina so in riƙa ɗaukar tankin ruwa mai lita 1,000.

Injiniya_MK:
@Shiru_Kake_Ji a'a. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙi, ko a ƙarƙashin bonet ko littafin motar, akwai inda aka rubuta iyakar nauyin motar gaba ɗaya, GVM ko GVWR, da iyakar kowane aksul. Sifirin ba ya canza waɗannan lambobi, saboda birki yana nan yadda yake, boris ɗin aksul yana nan, shasi yana nan, taya tana nan. Kuma tan ɗayan da ake cewa irin waɗannan motoci na ɗauka ya haɗa da kai kanka da fasinjojinka da duk wani ƙarfe da ka ƙara wa motar. Lita 1,000 na ruwa kilo 1,000 ne cif, ban da nauyin tankin, ban da kai. Ka wuce tun kafin ka tada inji. Ga shi ruwa in tankin bai cika ba yana kai-kawo, ka taka birki ya turo ka gaba, ka sha kwana ya ja ka gefe.

Shiru_Kake_Ji:
Amma ina ganin mutane suna yi kullum

Tsohon_Direba:
Suna yi ɗana, mu ma mun yi. Ni sai da boris ɗin baya ya watse min da lodi a kan gangara, taya ta fara fitowa da sandarta ina kallo ta madubi, Allah ne ya sa ba gudu nake ba. Tun ranar ban ƙara ba. Ka sa rabin tanki mai shamaki a ciki ka yi sawu biyu, ko ka ja shi a tirela.

Mai_Faci_01:
Kar a manta da taya. A jikin kowace taya akwai lamba bayan girmanta, 112 na nufin kilo 1,120 kowace ɗaya, 110 kuma 1,060, wannan ma sai an cika mata iskar da ta dace. Wasu suna sa tayar ƙaramar jif a pikof don ta fi araha ko ta fi kyau sannan su loda. Kuma iskar baya ba ɗaya ba ce da kaya da ba kaya, yana rubuce a takardar jikin ƙofa. Hajiya da ta ce motarta na tsalle, ina kyautata zaton an bar mata iskar lodi ne ko da ba kaya.

Ummu_Amir:
Wallahi zai iya yiwuwa, direban nan sai ya ga taya ta yi kamar dutse hankalinsa ke kwanciya. Zan duba da geji da kaina.

Baban_Safiyya:
Injiniya na bi shawararka na hau sikelin manyan motoci, ni da yarana biyu da kayan kullum da tanki cike, ba batura. Gaba ɗaya kilo 2,560, baya kaɗai 1,420. Takardar ƙofa ta ce iyaka 2,850, aksul ɗin baya 1,600. Jikina ya yi sanyi wallahi, don wani lokaci batura takwas nake ɗorawa masu 200Ah.

Injiniya_MK:
To ka ga amfanin sikeli. Saura kilo 290 gaba ɗaya, a baya kuma 180 kacal. Batir mai 200Ah na dalma yana kaiwa wajen kilo 60, takwas kusan 480 kenan. Ba sifirin ne ya ci amanarka ba, haƙuri ma ya yi da kai shekara biyar. Ka nemi wanda aka yi don kilo 300 zuwa 400 na dindindin, kar ka haura, sannan ranar batura ko ka sauke janareto da akwati ko ka raba sawu.

Kwalta_Kawai:
Ko ka rage yaran, su biyo ka a babur

Baban_Safiyya:
Hhh rumfar ce ma nake tunanin sakewa, maƙerin ya zuba mata ƙarfe kamar za a ɗaure giwa a ciki.

Dan_Gargada:
Ka yi ta alminiyam za ka rage nauyi sosai. Wani abu kuma da ba a faɗa ba, yawancin sifirin bayan kasuwa suna ɗaga mota wajen inci biyu sama da yadda ta fito. In haka ne shakazobar asali za ta iya yi maka gajarta, sai ka nemi wadda ta dace da tsayin, ka duba tiyon birki da wayar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, kar su ɗame in taya ta rataya. Wasu motocin farfela kan fara rawa lokacin tashi saboda kwanarta ta canza, ana sa ɗan ƙarfe a sauko da boris ɗin tsakiya kaɗan ko a sa weji a ƙarƙashin sifirin. Ni Bilstein 5100 na sa, mai bututu ɗaya ce tana saurin fitar da zafi, a doguwar gargada ba ta saki kamar yadda tsofaffina ke yi in sun ɗau zafi.

Oga_Sifirin:
Ƙari a kan wannan, in motarka ba ta da ABS ka duba saman aksul ɗin baya akwai wani bawul mai doguwar sanda, shi ke auna zaman mota ya ƙara wa birkin baya ƙarfi in an yi lodi. Kana ɗaga motar sai ya ɗauka ba kaya ya rage birkin baya alhali kana cike. Dole a gyara sandar daidai da tsayin da aka ƙara. Makanikai da yawa ba sa kula da shi, wasu ma ɗaure shi suke da waya.

Baban_Safiyya:
Tawa tana da ABS, amma zan tambaya dai. Ni fa ba ɗagawa nake so ba, in baya ya tashi inci biyu gaba kuma fa? Kar in gyara baya in dawo ina neman kuɗin gaba.

Dan_Gargada:
Da lodinka na kullum ba za ta tashi har haka ba, zai danne ta. Ka sa na baya ka yi wata ɗaya ka sake aunawa sannan ka yanke shawarar gaba. Ka tuna a saita fitila.

Tsohon_Direba:
Ni dai da ni ne sabon na asali zan saya irin wanda ta zo da shi in ƙara masa dogon falle ɗaya, kayan gyaransa ko'ina akwai. Waɗannan masu sunayen in falle ya karye maka a hanya sai ka jira.

Injiniya_MK:
Baba wannan ma hanya ce mai kyau, sai dai ba ka san ainihin ƙarfin da za ka samu ba sai an ɗaura, wancan kuwa an rubuta.

Oga_Sifirin:
An rubuta in na gaskiya ne. Akwai jabu da yawa da fenti mai kyau da sitika, wata shida sun kwanta. Na Baba na fi yi wa mutane kuma ba sa dawowa da kuka.

Navara_Boy:
Akwai wanda ya gwada sifirin farabolik kuwa? Mai falle biyu ko uku masu kauri a tsakiya sirara a baki, ba sa gugar juna sosai, an ce ya fi taushi ba kaya kuma ya fi rashin nauyi. Wani abokina ke tambaya.

Ummu_Amir:
Ni ma ina son jin wannan, in dai zai sa yara su dawo shiga motar.

Mai_Tirela:
Hajiya ke jakar iska ce maganinki, na faɗa tun ɗazu

Dan_Gargada:
Za mu sake komawa kenan

Baban_Safiyya:
Yau dai na tura janareto can ciki na jingina shi da kan mota, akwatin ma na matsar da shi gaba, na sake aunawa hagu 54 dama 55 da rabi. Dukan ya ragu amma yana nan. Bushin da shakazoba zan canza satin nan tun da su ba gardama a kansu. Sifirin kuwa har yanzu ina tsakanin maganar Baba da ta Injiniya. @Oga_Sifirin in na sa na asali da ƙarin dogon falle, yu-bol ɗin asali zai kai ko sai an nemi mafi tsayi?